Abin da Na Tambayi Waya

Da sunan Allah nake farawa, shi ne mai sutura.

Zuwa ga ’yata Bintu,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kano wurin karatu lafiya, kin sami masauki da abokan zama na kirki. Allah ya tsare ki daga sharrin abin da kike gani da wanda ba kya gani. Na sa takardar a ƙasan akwatinki, tsakanin sallaya da laffayarki, domin na san sai kin natsu za ki kai gare ta. Da hannuna na rubuta ta, ban yarda in ba waya ba, kuma in kin karanta za ki ga dalili.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Akwai tambayar da kika yi mini ban amsa ba, ita ce ta zaunar da ni. Ranar da ’ya’yan Gwaggo Hajja suka raba ankon bikin ’yar’uwarsu Zara suka tsallake ki, kin dawo daga Gwange kin zauna a bakin gadona, kin tambaye ni me kika yi wa dangin mahaifinki. Na ce ki yi haƙuri. A lokacin na san amsar. Ba ki yi komai ba. Magana ce ta fita a kanki, irin wadda ke bin mace har ɗakin aurenta, kuma daga wayata ta fita. Zan faɗa miki yadda aka yi tun daga tushe, domin ki san inda na taka na zame, kada ki taka wurin.

Kin tuna yadda nake fama da wayar nan tun da aka saya mini ita saboda darasin matan Islamiyya. In buɗe shafin azkar, kafin in kai layi na uku hoton man shafawa ya rufe rubutun. In nemi ɗan gicciyen da ake taɓawa a kore shi, in same shi ƙanƙane kamar ƙwayar gero, in taɓa, sai ya jefa ni wani shafin da ban nufa ba. Wata rana ina duba wata mas’ala a gaban ɗalibaina, kiɗa ya tashi daga tafin hannuna, wata mace tana rawa tana tallan sabulu. Na rasa inda zan danna, sai da na cusa wayar a jaka na danne da gwiwa. Data ta ƙare ban san abin da ya cinye ta ba, ga caji sai an kai gidan maƙwabta masu sola. Da kika ga wahalata, kika ce in kawo ki sa mini wata burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, wadda ke toshe talla, take kuma hana a bi sawun mutum. Farkon maganar ya yi mini daɗi, ƙarshenta ne ya sosa mini girman kai. Na ce miki wanda bai kori saniyar kowa ba ba ya damuwa da mai bin sawu, ni ba ni da abin ɓoyewa. Kika yi dariya kika ce, “To, Inna, Allah ya ba ki haƙurin masu sabulu.”

Na daɗe ina auna wannan magana tawa. Na ɗauka tsoron Allah ne ya sa na faɗe ta, ashe yarda da kai ce ta yi mini yawa. Mun taso ana rufe ƙwaryar nono da faifai, ba don nonon na sata ba ne. Ana sakin labule a ƙofar ɗaki, ba don ana saɓon Allah a ciki ba. Kuma na manta cewa mutum ba asirinsa kaɗai yake ɗauke da shi ba, akwai na mutanen da suka amince masa. Saboda haka duk ranar da kika ji bakinki zai ce ba ki da abin ɓoyewa, ki tsaya ki tuna waɗanda suka taɓa yi miki magana ƙasa-ƙasa.

Akwai kuma wata ɗabi’a da na saba da ita ban ɗauke ta komai ba. Kowane shafi na buɗe sai wani akwati ya taso da dogon Turanci, a ƙasansa maɓalli biyu, ɗaya babba mai launi, ɗaya ƙarami a dishe kamar ba a so a gan shi. Babban nake dannawa don a ba ni hanya. Ni da nake koya wa mata cewa alkawari kaya ne, na yi ta cewa na yarda, na yarda, ban san da wa nake ƙullawa ba, ban san me na ba da ba. Ki nemi ƙaramin nan, ’yata, ki ƙi. Shafin da ya ce ba zai buɗe miki ba sai kin ba shi izinin bin ki, ki bar masa kayansa.

Yanzu zan shiga maganar yayarki, kuma da izininta nake yi. Kin san al’adarmu. Ita ce ’yar fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, kakarku ce ta yaye ta, ta riƙe ta har aure. Da muka bar daji muka zauna a Mafoni, mahaifinku ya koma dillancin shanu, abubuwa da yawa mun bar su a ruga, amma wannan kunyar da ita muka taho. Duk shekarun da ta yi a Khaddamari tana samun ciki yana zubewa, aike nake yi da gaisuwa da ɗan man shanu. Dangin mijinta kuwa ba su bar lissafi ba, kowane ɓari sai an ƙirga mata shi kamar laifi.

Bara da damina ta zo gaishe ni. Na zuba turaren wuta a kasko, sai na ga ta kau da fuska ta matsa bakin ƙofa. Na gane, ita ma ta gane na gane. Da za ta tafi, tana gyara laffaya idonta a ƙasa, ta ce, “Inna, wannan karon daga ni sai shi sai ke. Ko Bintu kada ta ji.” Ta ƙara da cewa tana ɗan ganin jini. Na ce, “To.” Iyakar abin da na iya ce wa ’yar cikina ke nan.

Da kakarku na raye, da ita zan kai wa. A layinmu akwai tsohuwar ungozoma wadda ta yi aikin asibiti, na yi niyyar zuwa wurinta har na ɗauki mayafi, sai na tsaya. Da wane baki zan tambayi halin cikin ’yar farina? Ko ban kama suna ba za ta gane, kuma za a ce wance ta zubar da kunya. Bayan la’asar, kin fita aike, na shiga ɗaki na tura ƙofa, har da sakin labule, dubi wauta, na buɗe waya na tambaye ta. Na tambayi abin da ke kawo jini a farkon ciki, da abin da ya kamata a ci, da abin da ya kamata a bari. Wani shafi ya ce in ba shi kwanan wata ya lissafa mini watannin, na kintata na ba shi. Ya nemi izinin aiko mini da saƙo, na danna babban maɓalli kamar kullum. A raina ba kowa na tambaya ba. Na ɗauka kamar mai magana ce a bakin rijiya, muryarta ta faɗa ruwa shi ke nan.

Ki riƙe wannan da kyau. Abin da kika rubuta a wurin nan, a tsakiyar kasuwa kika faɗe shi. In kina jin nauyin tambayar mutum wani abu, mutumin dai ya fi, domin shi ana iya haɗa shi da Allah, yana jin kunya, yana mantuwa, wata rana ma ya mutu da maganar a cikinsa. Kuma wanda ya ba ki amana, ke ya ba, bai ba wayarki ba.

Ba a jima ba masu sabulu suka ɓace. Maganin ƙarin jini ya maye gurbinsu, da rigunan masu ciki, da wani dogon matashi da ake runguma. Suka bi ni shafin labarai, suka bi ni shafin lokutan salla, suka bi ni har cikin azkar. Sannan saƙon ya fara zuwa duk mako, wayar tana juya shi zuwa wata irin Hausa mai sanyi wadda ba ta kowane gari ba: “Barka, uwa. Jaririnki yanzu ya kai girman lemon tsami.” A ƙasa ga zanen wani abu a naɗe, da ƙaton kai, idanunsa a rufe. Ranar farko da na gani na tsorata. Na san abin da ke cikin mahaifa saninsa na Allah ne, ga kuma wani ƙarfe a hannuna yana yi mini barka. Na nemi tsari, na yi tofi a kanta kamar yadda ake yi wa mai firgita.

Daga baya hankalina ya dawo, na tuna kakanku, mahaifina. Yakan tsaya a bakin mashaya ya dubi ƙasa, ya ce saniya kaza ta wuce nan, tana da ciki, dubi yadda ƙafar baya ta nutse. Bai san gaibu ba, sawu yake karantawa. Na gane wannan ma ba aljani ba ne, ’yan kasuwa ne masu bin sawu, ni kuwa na yi ta taka musu danshi. Amma ganewar ba ta cire mini tsoro ba. Mahaifina shanunsa yake bi, ya san kowace da sunanta, in ta faɗi shi zai kwana a kanta. Waɗannan ban san fuskarsu ba, ban san garinsu ba, ban san ko akwai mutum ma a wurin ba, amma sun san abin da ke cikin ’yata kafin surukarta ta sani. Daga ranar na daina bari ki taɓa wayar. Kin ɗauka fushi nake yi da ke.

Ana cikin haka Gwaggo Hajja ta zo da maganar bikin Zara. Wayarta ba caji, ta ce in ba ta tawa ta nuna mini launin laffayar da za a fitar anko. Yayar mahaifinku ce, ko yana raye ban taɓa ce mata a’a ba, balle bayan ransa. Na miƙa mata da hannu biyu. Kin san ta da barkwanci, har yau Amarya take ce mini. Tana tsokanata wai ina riƙe waya kamar an ba ni ajiyar garwashi, tana dariya, sai na ji dariyar ta yanke. Na ɗaga kai. Hasken wayar yana kan tabaranta, na ga ɗan zanen nan a ciki, a naɗe, ɗaya a kowane ido.

Gwaggonku ’yar kasuwa ce, ta fi ni sanin waya. Ita ce ta taɓa ba mu dariya da cewa sau ɗaya ta duba akwatunan lefe, suka yi ta bin ta kamar ta ci musu amana. Ta san waya ba ta kawo wa mutum sai abin da aka nema a cikinta. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Amarya, ni da ke dai mun wuce wannan tashar. Wa ke taɓa wayar nan bayan ke?”

Na ce, “Bintu.”

Ta kife wayar a kan tabarma, ta ƙarasa shayinta, ta yi sallama. Maganar anko ba ta sake tasowa ba.

Za ki ce me ya hana ta tuna yayarki, mai aure. A duk danginmu babu wanda zai kawo a ransa cewa ni zan sa baki a cikin ’yar fari, kuma an daɗe da daina sa mata rai. Kunyar da ta kai ni ga tambayar waya ita ce ta rufe yayarki ta bar ki a fili. Sai kuma Allah ya kawo zazzaɓin taifot ɗin nan da ya kwantar da ke a asibiti, kika fito kin rame. Mutane suka ɗauki wannan suka ɗinka da wancan.

Na sha yi wa kaina tambaya a kan kalmar nan ɗaya da na furta. Gaskiya na faɗa, kin saba taɓa wayar kafin in hana ki. Na rayu ina alfaharin ban iya ƙarya ba, amma akwai wata gaskiyar a kusa da ita wadda na tsallake. Da na ce, “Yaya, ni na nema, kuma ba zan iya faɗin dalili ba,” da nauyin ya sauka a kaina. Wannan ta fi wuya, sai na ɗauki mai sauƙin, na kira ta gaskiya. Ki kula, ba kowace amsa ta gaskiya ce adalci ba. Kafin ki ambaci sunan wanda ba ya wurin, ki duba me za a ɗora masa. Game da waya kuma, in babba ya ce ki ba shi, ki matsa kusa ki durƙusa, ki riƙe da hannunki ki nuna masa abin da yake so. Wannan ma ladabi ne.

Cikin bai tsaya ba. Mijinta ne ya kira ni da hantsi, ya ce sun je asibiti sun dawo, sai dai haƙuri, ba kuma wanda ya sani. Na yi alwala na yi nafila, na roƙa mata dangana. Kwana kaɗan bayan haka wayar ta yi ƙara a kan taga. “Barka, uwa. Jaririnki ya fara jin sauti.”

Na goge saƙon. Na shiga inda na taɓa ganin kina share tarihin abin da aka duba, na share komai, na ɗauka an gama. Mako ya zagayo, saƙo ya zo. Ya kai girman mangwaro. Ya fara motsi. Ya buɗe ido. Yayarki tana Khaddamari tana shan magani tana ce wa mutane ciwon mara ne, shi kuwa yana nan a ɗakina yana girma a kan lokacinsa, ba ya fashi. Da watannin suka cika, tallan ya sake. Aka koma shawul, da bahon wanka, da ’yan safa ƙanana waɗanda ba su fi babban yatsana ba. In idar da sallar asuba in buɗe azkar, tsakanin addu’a da addu’a sai ga fuskar jariri yana dariya ba haƙori. Mu uku ne a duniya muka san an yi shi, mu ukun mun sallama shi ga Mai shi. Wayar ce kaɗai ba a gaya wa ba, kuma ban san ƙofar da ake bi a kai mata ta’aziyya ba.

Akwai abin da ya fi wannan ba ni tsoro, a kaina na gan shi. Na fara jiran saƙon. In ranarsa ta zo ina kasa kunne, in ya makara in duba ko sabis ne ya ɗauke. Na san babu kowa a wurin, ina koya wa mata yarda da ƙaddara, amma ina so in ji ya kai ina. Kina ɗaki ɗaya da ni, kalma ɗaya zan yi ki toshe shi, na ƙi yi. Na yi istigfari a kan wannan, har yanzu ina yi. Abin da na fahimta shi ne an gina abubuwan nan ne su nemo inda mutum yake da rauni su zauna a wurin. Wata wurin kwalliya za a kama ta, wata wurin son a yabe ta, ni ga inda aka kama ni. In kin ga hannunki yana zuwa ga waya ba ki aike shi ba, ki tambayi kanki me aka gano a jikinki.

Maganar da ake yi a kanki wata dattijuwa cikin ɗalibaina ce ta kawo mini. Ta jira kowa ya watse, ta yi ta kewaye-kewaye da Barbarci da Hausa, sannan ta ce ita dai ba ta yarda ba, amma ana cewa zazzaɓin Bintu ba zazzaɓi ba ne, zuwa Kano kuma don ƙura ta lafa ne. Na yi mata godiya. Na zauna da abu biyu a hannu, amanar yayarki da sunanki, kowanne na ɗaga sai ɗayan ya faɗi. Na zaɓi shiru, na ce lokaci zai wanke ki. Wannan ma kuskure ne. Da cewa aka yi kina da ciki, da watanni sun ƙaryata. Amma abin da aka ce an riga an zubar, babu watan da zai zo ya ba da shaida. Shirun da na ɗauka haƙuri ne ya ba maganar wurin yin saiwa. Haƙuri da abin da ya shafe ki ibada ne, amma ba ki da ikon yin haƙuri da mutuncin wani.

Kin tuna ranar da na miƙo miki wayar na ce ki sa abin nan da kika taɓa faɗa. Kika ce ashe masu sabulu sun kai ni bango. Kika sa sabuwar burauzar, kika fitar da ni daga asusun da ke haɗa duk inda na shiga, kika kashe inda ake auna talla da halin mutum. Da kika zo jerin shafukan da na ba izinin aiko da saƙo, na ga yatsanki ya tsaya a kan ɗaya. Kika ɗago kika dube ni, kika cire shi, ba ki tambaye ni komai ba. Allah ya yi miki albarka. Kika ce in sani wannan ragewa ne, ba ya hana duka, abin da ya riga ya fita kuma ya fita. Tun daga ranar shafuka suke buɗewa da sauri, ba kiɗa, ba hoto. Inda yake fitowa a da sai wani farin fili tsakanin layuka. Na fi mako ina tsallake filin nan da ido kamar mai tsallake kabari.

Sati biyu kafin tafiyarki na ce miki zan je dubiya. Khaddamari na je. Na hau keke napep zuwa tasha, na shiga mota, ina ta shirya maganar a hanya tana wargajewa. Yayarki ta firgita da ganina, ta ɗauka rasuwa aka yi. Na shiga ɗakinta na zauna, na faɗa mata komai, tun daga tambayar da na yi har abin da ake faɗa a kanki. Ban roƙe ta ta sake ni daga alkawari ba, na ce dai ga halin da na jefa ku. Can ta tambaye ni saƙon ƙarshe da aka aiko me ya ce. Na ce an ce ya fara juyawa da kansa.

Ta ce, “Nuna mini shi, Inna.”

Na buɗe shafin azkar na miƙa mata. Babu komai sai farin filin. Ta riƙe wayar da hannu biyu tana kallonsa har hasken ya dishe ya mutu.

Ta ce, “Ashe nan ma bai zauna ba.”

Sannan ta tashi ta kira mijinta a kasuwa, suka yi magana gajeriya, ta naɗa laffaya ta ce mu tafi Gwange. Na tuna mata cewa in ta faɗa a can, kafin ta dawo dangin mijinta sun ji, za su ƙara wannan a kan na baya, har da laifin ɓoyewa. Ta ce, “Su ƙirga. Nawa ya riga ya tafi, Bintu kuwa tana nan.”

Mun sami Gwaggo Hajja a tsakar gida ƙarƙashin dogon yaro, da ’ya’yanta da wasu maƙwabta, suna ɗura humra a kwalabe. Ta yi mana lale ta ce mu shiga ciki. Yayarki ta ce a nan za ta zauna, tunda maganar da ta kawo ta ba a ɗaki ta tsaya ba. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta faɗa musu cewa bara ta sami ciki, ta ɓoye, ya zube, ta ɓoye. Ni kuma na ce ni na tambayi wayar, da yatsana, Bintu ba ta san an yi ba har yau.

Gwaggonku ta ajiye kwalbar hannunta. Ta ce, “Amarya, ke? A kan ’yar fari?” Na ce ni. Ta cire tabarau ta rufe fuska da gefen laffaya, ta ce ta ci naman ’yar ƙanenta, da wane ido za ta dube shi gobe ƙiyama. Ta rantse duk gidan da ta kai maganar za ta koma da ƙafarta ta warware. Ta fara, na shaida. Shi ya sa ranar sallama kika ga ta riƙe hannunki ta ƙi saki, kina kallona kina neman bayani. Na roƙe su kada kowa ya gaya miki, domin daga gare ni ya kamata ki ji, sai kuma na kasa faɗa miki baki da baki.

Ba zan ruɗe ki ba. Gwaggo za ta iya komawa gidajen da ta shiga, ba za ta iya sanin gidajen da maganar ta shiga da kanta ba, kuma akwai waɗanda labarin farko ya fi musu daɗi. Amma a cikin dangin mahaifinki sunanki ya dawo, kuma duk wanda ya tambaya yanzu akwai amsar da za a ba shi. Ki ɗaga kanki, ki yi karatunki. Ki riƙa gaida gwaggonki, kada ki riƙe ta a rai, abin da na nuna mata ta gani.

A Khaddamari kuwa abin da na ji tsoro ya faru. Labarin ya riga yayarki isa gida. Surukarta ba ta amsa gaisuwarta yadda ta saba, an kuma fara maganganun da kika sani. Mijinta yana tsaye a bayanta, alhamdu lillahi, amma ita ke wuni a gidan. Mayafinta ta cire ta rufe ki da shi, ita ta tsaya a rana.

Saboda haka ga roƙona. Kada ki rubuta mata godiya a waya, kada ki rubuta wannan magana ga kowa. In an ba ku hutun farko, kada ki fara sauka a Mafoni, ni zan jira. Ki wuce Khaddamari da akwatinki, ki kwana biyu a ɗakinta, dangin mijinta su ga tana da ’yar’uwa. Ba sai kin ce mata komai ba.

Ki yafe mini, ’yata. Ki kiyaye salla a kan lokacinta, ki kiyaye harshenki da yatsunki. Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira, ya rufa wa yayarki, ya musanya mata da mai zama. Allah ya jiƙan mahaifinku. Na ba wa Allah ajiyarki, shi da ajiyarsa ba ta tozarta, ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalamu alaiki wa rahmatullah.

Mahaifiyarki,
daga Mafoni.